Tsingaron Mai Haƙar Rijiya

Idan ka tambayi Baba Mai Rijiya gaba nawa za a haƙa a gidanka kafin a tarar da ruwa, ba ya cewa wataƙila. Zai zaga tsakar gidan sau biyu, ya leƙa bishiyar maƙwabta, ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu, ya ce, "Bakwai da rabi." Kuma bakwai da rabin ne. Ranar da aka samu takwas, cewa ya yi igiyar awo ce ta tsufa.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana da shekara goma sha bakwai kawunsa ya fara zura shi rami. Muryarsa kuwa sai wanda ya ji. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kiran guga daga ƙasa ba ya iya magana a hankali, shi ya sa matarsa, wadda kowa a layin ke kira Inna, take cewa ko ruwan sha ya nema sai maƙwabta sun miƙe. Motocin haƙar burtsatse sun zo sun kwashe manyan ayyuka, amma ko a jikinsa. Lungunan da yake aiki ko kurar ruwa ba ta shiga, balle mota. Shi yana ƙasa da diga, ƙaninsa yana sama riƙe da igiya, rediyo kuma na rataye a gwafa a bakin rami.

Ta rediyon nan abin ya samo asali. Gidan rediyon gwamnati yana da wani shiri duk Laraba da yamma, sunansa Ƙarƙashin Ƙafarmu. Wani mako su je wurin masaƙa, wani mako su zauna da tsofaffin kasuwa, wani mako kuma su kawo malamin jami'a ya yi bayanin mutanen da suka zauna a yankin tun kafin a san rubutu. Wata Laraba, shekara talatin da ɗaya da suka wuce, Baba yana gaba biyar a ƙasa ya ji malamin yana cewa fasasshiyar tukunya ba ta gaya maka komai sai ka san inda aka tono ta da zurfin da take kwance. A daidai lokacin ya jefa wani tsingaro a guga, irin wanda ya saba zubarwa da ƙasa. Ya ɗaga kai ya ce wa ƙaninsa, "Ƙara murya. Kuma kada ka juye gugan nan."

Daga ranar bai sake zubar da ko ɗaya ba. Karatunsa bai yi nisa ba, sai ya ƙirƙiro nasa rubutun. Kowace rijiya da gwangwanin fenti guda. Kowane tsingaro ya naɗe shi a takardar siminti da ƙasar jikinsa, ya ɗaure da zare, ya yi ƙulli gwargwadon zurfi: ƙulli huɗu gaba huɗu, ƙaramin ƙulli a wutsiya rabin gaba. Akwai baƙaƙe, akwai jajaye masu zane kamar sawun igiya, akwai duwatsu uku masu kaifi da santsi irin waɗanda ake kira gatarin aradu. Gwangwanaye suka cika ƙaramin ɗakin bayan gida, ya saka kwaɗo, mabuɗin yana wuyansa. Duk lokacin da Inna ta tambaya, amsa ɗaya ce: "Kayan aiki ne, ba za ki gane ba." Burinsa bai ɓoye wa kansa ba. Yana so wata rana masana su zo su karanta ƙulle-ƙullen nan, a faɗa a rediyo cewa mai haƙar rijiya ya tattara abin da littafi bai sani ba.

Ranar ta zo ne bayan shirin ya fara karɓar kiran waya. Wani baƙon shirin ya ce garin bai daɗe da kafuwa ba, Baba ya kira daga bakin rami, har sai da aka rage ƙarar layin. "Malam, ni na taɓa tokar murhu da hannuna a wajen gaba biyar, a rijiya sama da ashirin. Aljanu ne suka yi girki a can?" Mai gabatar da shirin, wata mata mai dariya a murya, ta karɓi lambarsa. Bayan kwana biyu ta kira ta ce za su zo ranar Asabar ta mako mai zuwa da safe, ita da wani Dakta daga jami'a.

Yana da aikin kwana biyu a bayan gari wanda ba zai ɗagu ba. Ranar Alhamis da asuba ya cire mabuɗin daga wuyansa ya miƙa wa Inna. "Manyan baƙi ne. Ki gyara ɗakin nan tsaf, kada su zo su ga ƙazanta."

Inna mace ce da ba a yi mata gorin tsafta. Da ta buɗe ɗakin, warin ɓera ya tare ta, kyankyasai suka watse, takardun siminti duk sun ruɓe sun manne da juna. Ta ji kunya ta kama ta tun kafin baƙin su zo, ta ji tausayin mijin da ya ajiye abin da yake so cikin wannan hali. Ta ɗaura ɗamara. Ta kwance kowane ƙunshi, ta jiƙa su a baho, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da sabulu da tsohon buroshi har hannuwanta suka yi yaushi. Takardu da zare ta tara ta cinna musu wuta. Gwangwanayen ta wanke ta kife a rana. Yini biyu cur ta yi tana wannan aiki, bayanta na ciwo, zuciyarta fari ƙal.

Ranar Asabar Baba bai biyo ta gida ba, kai tsaye ya je bakin titi ya tarbo baƙinsa, yana tafe yana yi musu bayanin ƙulli. Mai gabatarwa ta kunna na'urar ɗaukar murya tun daga ƙofar gida. Suka shiga suka tarar da sabuwar tabarma a inuwa, a kanta fayafayai da tire-tire, an jera tsingaro sama da ɗari huɗu, manya da manya, jajaye da jajaye, suna ƙyalli. Inna na tsaye gefe da mayafinta na fita unguwa.

"Sannu da aiki, Inna," in ji Dakta, dattijo ne mai sanyin magana. Ya tsuguna ya ɗauki guda ya juya. "Baba, ina zaren da kake faɗa?"

Baba ya dubi gwangwanayen da ke kife a jikin bango, ya dubi baƙin tabon wuta kusa da magudana. Muryar nan da ke tsallake katanga uku ta ɗauke. Inna ta dube shi, ta dubi Dakta, murmushinta ya fara janyewa.

"Na ƙona su," ta ce a hankali. "Sun ruɓe ne. Wani abu ne a jiki?"

Mai gabatarwa ta kai yatsa za ta kashe na'urar. Baba ya ce, "Bar shi, 'yata." Ya tsuguna a bakin tabarma, don shi ba mutumin da ke sallamawa da wuri ba ne. "Wannan gidan mai kemis ne, gaba huɗu. Wannan bayan makaranta, shida da rabi. Wannan..." Ya faɗi goma sha ɗaya ba gargada. A na goma sha biyu ya tsaya. Da ƙasar jikinsu yake gane su, ja ko fara ko mai yashi, ga shi an wanke ta tas ta bi magudana. Dakta ya ce tukwanen tsofaffi ne ƙwarai, babu shakka, kuma jami'a za ta so ta adana su, amma wanne ya riga wanne, wannan ya tafi. Bai ƙara gishiri ba, bai kuma rage ba.

Inna ta zauna a ƙasa inda take tsaye. "Malam, na kashe maka aiki."

Ransa ya ɓaci, ɓaci mai tsanani, kuma da ita ce kaɗai a wurin wataƙila da ya faɗi abin da zai yi nadama. Amma yana kallon hannuwanta da sabulu ya cinye, gaskiya ta fito masa fili kamar ruwa a gindin rami. Ya juya ga na'urar. "Ki ɗauki wannan da kyau. Shekara talatin da ɗaya ina jiran mutanen rediyo su zo in yi musu bayani. Matar da ke kwana taku goma da ɗakin nan ban taɓa zaunar da ita na ce ga ma'anar ƙulli ba. Ta tambaya, na ce ba za ta gane ba. Na ce ta gyara, ta gyara. Laifin nawa ne." Ya miƙe ya kaɗe gwiwa. "Ku taso. Ƙasar tana nan, ba ta je ko'ina ba."

Ya kai su wata rijiya da ya bari rabi a layin baya. Aka rataya masa na'urar a wuya, ƙaninsa ya kama igiya, mutum mai shekara sittin da biyar ya sauka yana magana. A gaba ɗaya ya ce shara ce ta jiya, leda da murfin kwalba. A gaba biyu jar ƙasa. A uku yashi, alamar ruwa ya taɓa gudu a nan. A biyar saura kaɗan ya ƙwanƙwasa bango da bakin diga ya ce, "Dakta, zuro fitila. Ga tokar." Dakta ya kwanta rub da ciki a bakin rami da kayansa masu guga, ya daɗe yana leƙe, sannan ya nemi a ɗebo masa kaɗan a leda mai tsafta.

Laraba da yamma aka saka shirin, ba a yanke komai ba, har shirun da ya yi a na goma sha biyu. Layin waya ya cika. Masu haƙar rijiya biyu da wani mai haƙar masai suka kira suna tambayar yadda ake ƙullin, Baba yana zaune a tsakar gida yana ba rediyo amsa da ƙarfi kamar suna jin sa.

Da aka rufe shirin, Inna ta shiga ɗaki ta fito da wani abu a gefen zane. Jan tsingaro ne, bai kai tafin hannu ba, ta ɓoye shi ranar da motar jami'a ta kwashe sauran.

"Da nake wanke shi na gani," ta ce. "Duba nan." A gefen bakinsa akwai ɗan lotsawa, sawun babban yatsa, har da zanen fata. Ta ɗora nata a kai, ya zauna daidai. "Mace ce ta gina shi, hannunta kamar nawa. Tun ranar nake tunaninta. Malam, a gidan wa ka same ta? Gaba nawa take?"

Ya karɓa ya juya shi a hasken yamma, ya shinshina, ya kankara da farce ko zai samu ɗigon ƙasa a cikin zanen. Babu. Lamba ta zo masa baki, don bakin ya saba, kuma ya san duk abin da ya faɗa za ta yarda. Ya mayar mata da shi cikin tafin hannu, ya rufe yatsunta a kai.

"Ban sani ba," ya ce.