Hukuncin Kawu Ilu a kan gita

Ranar Lahadin da ta bi shagalin ƙaramar Sallah, shekarar da na cika goma sha ɗaya, aka gurfanar da faifan garmaho a falonmu, hawa na tara a unguwar Minguettes, gefen birnin Lyon. Ni na kawo shi, a ɓoye cikin riga. Na wan abokina Farid ne, wani tsohon kiɗan rok na Ingila da samarin unguwa ke rantsewa ba a taɓa yin irinsa ba. A bangon akwai mutum huɗu masu gashi har kafaɗa. Inna ta duba ta ce, "Waɗannan ƴan mata ba su da iyaye ne?" Baba ya kife hoton a kan tabarma.

Abin da nake so ɗaya ne, gita. Su Farid sun haɗa ƙungiya a ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene, tsakanin tsofaffin katifu da kekuna marasa ƙafa, sun ce in na samu izini ni ne mai gitarsu. Lakol dai ba ta karɓe ni ba, mushe, malamin ajinmu, ya riga ya mayar da ni bencin baya kusa da taga. Aikina sayen burodi, da saukar da shara hawa tara in asansar, na'urar hawa bene, ta mutu, kuma kullum a mace take. Ni ke ninka bargo ƙarƙashin turmi in Inna za ta yi daka, don kada tsohuwar da ke ƙasanmu ta fara dukan silin da sandar tsintsiya. In na kuɓuta sai ƙwallo a fakin ɗin motoci, ko mu zauna kan kwali mu sulala daga kan tudu har wando ya yage. To Baba, ma'aikacin izin, wato masana'anta, wanda bai san kiɗa ba, ya ce shi ba zai yanke hukunci a kan abin da bai sani ba, a jira Kawu Ilu.

Kawu Ilu ƙanen Inna ne. A Maradi makaɗin kalangu ne da ake ji da shi, a Paris kuwa kwanoni yake wankewa a gidan abinci, yana kwana a Saint-Denis. Ya iso a jirgin ƙasa, ya ci tuwo, ya wanke hannu, ya gyara hula, ya ce a sa. Ya zauna gaban lasifika kamar alƙali, ni kuma a tsugune ina zufa.

Waƙar farko ba ta yi nisa ba ya tambaya ko mawaƙin ya taka ƙusa ne. Na ce haka salon yake. Ya tambayi wa ake yi wa waƙar, na ce ba kowa. Ya dubi Baba, ya girgiza kai, wai ƙato ya yi ta ihu haka ba uban gida, ba amarya, ba ko ƴan amshi su taya shi. Mai ganguna kuma, in ji shi, yana da ƙarfi, amma da gani an ba shi ganguna takwas ne kafin ya iya ɗaya. Da aka zo wurin da nake jira, inda mai gita ke sakin kuka shi kaɗai har tsigar jikina ke tashi, Kawu ya saurara, ya saurara, sannan ya ce, "Wannan ya iya. Amma ba shi da kunya. Irinsa ne ke cinye naman miya a gaban baƙi."

Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan lasifika, ya rufe ido. Ya ce akwai wani a baya, mai kauri, wanda tun farko bai ɗaga murya ba, bai yi gaba ba, bai makara ba. Na ce ai bas ce, mai tsirkiya huɗu, ba wanda ke kula ta. Kawu ya ce, "Shi kaɗai ne ɗan mutunci a gidan nan. Ya tashi, rufin ya faɗo musu." Ya ba mu labarin yadda ya yi shekara bakwai yana buga kurkutu, ƙaramar gangar da ke riƙe kiɗa, kafin maigidansa ya bar shi ya rataya kalangu. Nan take ya yanke: in riƙe bas shekara bakwai, sannan in zo Paris ya saurare ni, in ya gamsu ya sake ni in taɓa gita. Baba ya ce madalla, ya miƙe ya yi alwala.

Su Farid sun yi dariya har da hawaye, suka ba wani yaro mai kitso gitar. Ni na tsaya baya kusa da katifu ina dum, dum, dum. Na ƙirga shekarun nan kamar ɗan kaso. A ta shida, da sanyi, aka bugo waya daga Saint-Denis cewa Kawu ya rasu. Na yi kuka ƙwarai, kuma ba zan ɓoye ba, rabin kukan na gita ne. Na tambayi Baba ko shi zai sake ni, ya ce ba shi ya ɗaure ni ba.

Yanzu na haura hamsin. Ina tuƙa motar kaya tsakanin Lyon da Paris, ranar Asabar in yi bas a bukukuwan aure, bayana na ciwo, kuma ban taɓa fitowa a hoton kowa ba sai gwiwar hannuna. An rushe benenmu tuni. Ɗana yana haɗa kiɗa a waya cikin minti biyar, bai nemi izinin kowa ba, ba kuma wanda ya zauna ya saurare shi har ƙarshe. Ya saya mini gita bara, tana nan jingine bayan ƙofa. Faifan nan in ya zo a rediyo, hannu nake ɗorawa a kan lasifika. Saura shekara ɗaya ce, har yau.