Fuskar Mai Awara

Shekara arba'in Tokiko Hamaguchi tana yin awara a wani lungu na garin Onomichi, kuma ba wanda zai ce ya taɓa ganin ta yarda da mutum farat ɗaya. In mai kawo waken suya ya sauke buhu, sai ta cusa hannu har ƙasa. In maƙwabciya ta yabi awararta, sai ta wuni tana tunanin me matar nan take nema. Mijinta marigayi ma ba ta gama yarda da shi ba har ya bar duniya.

Ana nan sai 'yarta tilo, Misuzu, ta kawo mijin aure daga Osaka. Sunansa Ritsu, siriri, ga ladabi. Tun zaman farko, yana durƙushe a tabarma, ya faɗa mata gaskiya: mace aka haife shi, amma tun yana ƙarami namiji yake jin kansa. Ya bi likitoci, ya bi kotu, har aka sauya masa a rajistar iyali. Tokiko ta yi wata uku ba ta ɗaga wayar 'yarta ba. Daga baya ta sa hannu a takardar auren, bisa sharaɗi ɗaya: kada kowa a unguwa ya ji labarin Ritsu. Tsoron bakin mutane take yi sosai, don a lungun nan in ka yi atishawa da safe, kafin rana ta take an ce kana asibiti.

Abin da ya hana ta sakat shi ne sana'ar surukin. Mai zane ne, irin masu zana labarin rayuwarsu a littafi su sayar wa duniya. Duk hutun sabuwar shekara da suka zo, yana rakuɓe a gefen murhu da fensir. Da ta waiwayo sai ya rufe littafin.

"Me kake zanawa?"

"Tukunya ce, Mama."

"Tukunya ce ke sa ka kallon ƙeyata? Ni za ka raina wa hankali?"

Misuzu ta yi dariya. "Haba Mama, ke dai kowa ɓarawo ne a wurinki."

"Ai shi ya sa ba a taɓa yi min sata ba."

Da bazara littafin rayuwar tasa ya fito, ba su aiko mata ba. Ta ce ai dama ruwa ba ya tsami banza. Ranar Laraba ta rufe shago ta hau jirgin ƙasa har Okayama, inda ba wanda ya san ta. Ta saya, ta sa aka naɗe mata bangon da takarda, ta zauna a bencin tasha ta buɗe.

Ritsu bai ɓoye komai nasa ba. Ga shi da siket ɗin makaranta yana kuka, ga shi a gadon asibiti, ga mahaifinsa yana rufe masa ƙofa. Ga Misuzu, har da haƙorinta mai karkata. Ita kuwa shafi-shafi take bi tana neman inda ya tona ta. An mayar da garin wani gari can arewa, shagon awara ya koma na taliya, surukar ba ta da suna. Kuma duk inda ta fito, baya ta juyo. A shago baya, a teburin cin abinci baya, a ranar aure ma ƙeyarta ce kawai a gefen amarya.

Ya cika alkawari tsaf. Ta nemi abin yin fushi ta rasa, sai baƙin cikin rashin ganin fuskarta ya kama ta. Maimakon ta koma gida, ta hau jirgin Osaka.

Ritsu ne ya buɗe ƙofa, yatsunsa duk tawada. Ko takalmi ba ta cire ba ta ɗaga littafin.

"Kowa da fuskarsa, har karen maƙwabcinku. Ni ce dodo?"

"Mama, ke kika ce kada a sani."

"Na ce kada a sani, ban ce ka share ni daga auren 'yata ba! Ko ramawa kake yi a kaina?"

Ya sunkuyar da kai. "Na zana ta sau da yawa, suna nan a ajiye. Amma fuskarki duk Onomichi sun san ta. In ta shiga littafi na biyu da nake zanawa yanzu, shi ke nan, ba abin da zai ɓoyu."

Ta tsaya tana hararsa, tana laluben makircin da ke cikin maganar. Ta tuna matan lungu, ta san me za su ce a bakin shagonta, ta kuma san waɗanda za su daina saye. Tsoron bai tafi ko'ina ba.

Ta cire takalmanta, ta jawo kujera zuwa bakin taga inda haske ya fi yawa.

"Waɗancan ban yarda da su ba, a ɓoye ka yi su. Ɗauko fensirin ka yi sabuwa ina kallonka."