Buzun Kawu da Ƙwayar Majo

Bana na cika shekara tamanin da uku a duniya, abin da zan ba da labarinsa kuwa ya haura shekara hamsin da aukuwa. A lokacin ina ma'aikacin gwamnati a Yamai, ina buga takardu a wani biro, wato ofis, muna zaune a Gaweye kusa da bakin kogi, ni da mai ɗakina da 'ya'yanmu biyu. Shekarar ce ruwan sama ya ƙaurace wa ƙasarmu, soja kuma ba su jima da karɓar mulki ba.

A cikin wannan fari ne kawuna, yayan mahaifiyata, ya iso daga ƙasar Tawa. Mutum ne wanda a da, in garkensa ya nufo rijiya, sai masu ƙananan dabbobi su ja gefe. Ga shi yau kamyo, wato babbar motar kaya, ya sauke shi a sansanin 'yan gudun fari na Lazare tare da mutanen garinsu, ba shi da komai sai sanda da buta da wani abu naɗe a hammata. Na je ɗauko shi ya ƙi, ya ce bai saba cin tuwon gidan da bai kai kome ba. Sai da na yi kwana uku ina zarya kafin ya biyo ni.

Da muka shiga gida ya warware abin da ke hammatarsa. Buzu ne fari mai dogon gashi, fatar ragonsa na ƙarshe, wanda ya yanka da hannunsa kafin yunwa ta kayar da shi, ya jeme da bagaruwa. Ya shimfiɗa mini shi, ya ce, "Ɗana, iyakar abin da ya rage ke nan. Muddin kana salla a kansa, ni baƙo ne da ya zo da tsaraba. Ran da ka naɗe shi ka ajiye, na san hanyar Lazare."

Na karɓa hannu biyu. Ban yi mako ina salla a kansa ba sai atishawa ta kama ni. Ina kai goshi ƙasa hanci ya ɗauki zuba, idanu su yi ja suna ƙaiƙayi. In na sallame sai atishawa ta jeru, ina hamdala Kawu yana yi mini addu'ar rahama, har zuwa ta uku, sa'an nan ya ce wannan kam mura ce, Allah ya sawwaƙe, ya ci gaba da jan casbinsa. Mai ɗakina ta ɗaura yaƙi da murar: shayi da citta da kanumfari da lemun tsami, sirace da ganyen turare a ƙarƙashin zane, man zafi a ƙirji da kan hanci. Na sha siro na maganin mura har kwalba biyu. Mushuwar uku na share hanci nake fita da su kowace safiya. Mura dai da aka sani baƙuwar mako guda ce, wannan kuwa ta share wata biyu ba ta da niyyar sallama.

Daga ƙarshe na je dispansar wurin majo, wato babban ma'aikacin jinya, wani dattijon Bazabarme mai Hausar kasuwa da kaifin ido. Ya taɓa goshina, ya leƙa hancina da maƙogwarona. Ya tambaye ni ko jikina na zafi, na ce a'a. Ko majinar na da kauri, na ce ruwa ce tsararo. Ko a biro ma haka nake, na ce a can takan lafa. Ya ce to ba mura ba ce, wani abu ne a gidana da hancina ba ya shiri da shi, in tuna abin da ya shigo sabo. Kafin ya rufe baki na san ko mene ne, amma na ce ban tuna ba. Ya dube ni kallon wanda ya saba jin irin wannan amsa, ya rubuta mini wasu ƙananan ƙwayoyi. Ya gargaɗe ni cewa ba sa warkarwa, danne atishawar kawai suke yi, suna kuma jawo barci, don haka in sha bayan na taso daga aiki. Magani na gaskiya, in ji shi, a raba hanci da abokin gabarsa.

Ƙwayar ta yi aikinta, na ji daɗinta ƙwarai. Sai dai atishawar asuba ita ce mai tsanani, kuma ita Kawu ya fi ji. Saboda haka na ƙara wa kaina guda da sassafe, abin da majo bai ce ba.

A zamanin nan soja kan faɗo wa biro ba sallama, don su ga wanda ya makara da wanda ya bar kujerarsa. Wata hantsi ina gaban keken rubutu barci ya sace ni. Abokin aikina, wani mutumin Maradi, ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, na buɗe ido na ga hafsa tsaye a kaina, yana karanta layi guda na harafi ɗaya da yatsana ya danne. Ya tambayi dalili, na fito da ƙwayar da takardar majo na ajiye a gabansa. Ya jujjuya su, ya ce wannan karo takarda ta cece ni, karo na biyu ba za ta yi ba.

Ban faɗa wa kowa a gida ba. Amma mutumin Maradin nan bakinsa ba ya riƙe ruwa, ranar Juma'a ya zo gaisuwa ya kwashe labarin kaf a gaban Kawu, har da kwaikwayon yadda na zabura. Kowa ya yi dariya. Kawu ma ya murmusa. Ni kuwa na ga idonsa ya sauka a kan buzun.

Kashegari bayan la'asar ya kira ni gindin darbejiyar tsakar gida. Ya ce shekara arba'in yana kiwo, ya san atishawar dabbar da sanyi ya kama, ya kuma san ta wadda harawa ba ta karɓe ta ba. Tun makon farko ya gane, ya zuba ido ne ya ga iya gudun ruwana.

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ƙwayar tana isata."

Ya ce, "Tana isarka har gaban soja. Ba ni buzuna, Mushe mai barci. Na yi kewar ragona." Mushe kuwa shi ne laƙabin Faransanci da ake kiran mu ma'aikatan biro da shi.

Na miƙa masa, ina jiran ya nemi sandarsa. Ya kuwa neme ta, ya haye gada zuwa wajen Kirkisoy, ban san ko zai dawo ba. Gab da magariba sai ga shi da damin kaba a ka. Kwana shida yana zaune kan buzunsa yana saƙa, a na bakwai ya shimfiɗa mini tabarmar salla sabuwa fil, mai ƙamshin ɗanyar kaba, ya tsaya a gefe har na idar da raka'a huɗu. Da bai ji ko atishawa ɗaya ba, ya ce to tsarabarsa ta karɓu, a kawo masa tuwo.

Maƙwabta suka ga tabarmar suka so irinta, ya shiga saƙa musu. Shekara biyu ya yi tare da mu, sai da damina ta dawo sosai ya koma Tawa da tumaki huɗu da buzunsa a hammata. Sauran ƙwayoyin sun daɗe cikin wani gwangwani, nakan sha guda jefi-jefi in bukata ta kama, amma ban sake shan ta da safe ba. Har yau in jikokina suka fara atishawa, nakan tambaye su abin da majo ya tambaye ni kafin a ɗora ruwan citta.

Kawu da majo sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama. Amma mai ɗakina tana nan, ita ta jiƙa masa kabar. Babbar 'yata ma ta isa tunawa. Mutumin Maradin kuma yana raye a Lazare, wadda yanzu ta zama unguwa, in an tambaye shi zai ba da labarin, har ya ƙara gishiri.