'Yan Kunnen da Aka Manta a Gidan Kitso

A Cadawa, bayan kasuwa, akwai wani gida mai bishiyar dogon yaro a tsakiyarsa. Nan Inna Suwaiba ta yi rayuwarta tana kitso. Katangarmu ɗaya da ita. In na dawo daga gona nakan leƙa in gaishe ta, ita kuwa ba ta sakin mai gaisuwa sai ta ba shi labari.

Wurin kakarta ta koyi sana'ar tun tana budurwa. Mace takan zo ta kwanta a tabarma, ta ɗora kai a cinyarta, ta cire 'yan kunne don kada su maƙale a gashi. Hannun Inna sanyi gare shi, kafin a kai rabi mai kai ta yi barci. Sai ta tashi da magagi, ta ɗaura kallabi ta tafi. Wata ta bar ɗan kunne ɗaya, wata zoben da ya tsage, wata guntun sarƙa. Yawancinsu sukan dawo nema. Abin da ba a dawo nema ba, Inna takan jefa shi cikin wani tsohon gwangwanin madara.

Ba ta taɓa yanka wa kowa kuɗin kitso ba. Abin da aka damƙa mata, gero ne ko sabulu ko 'yan canji, ba ta dubawa, sai ta ce Allah ya sa albarka. Da haƙora suka zube, murya ta yi ƙasa, sai addu'ar ta gajarce, ba a jin komai sai ƙarshenta.

Daga baya yanar ido ta rufe mata gani. Ta ce mini kamar ana girki da ɗanyen itace cikin kanta, hayaƙin ya ƙi fita. Bishiyar gidanta ta koma hadari mai motsi, mutane suka koma muryoyi sanye da tufafi. Tsagar kitsonta ta fara karkacewa, amare suka daina zuwa. A likita ta Maraɗi, wato asibiti, aka ce mata ana iya cire yanar, amma kada ta daɗe, kuma aikin ba kyauta ba ne. Ba ta da akuya, ba ta da gona. Gwangwanin nan kawai.

Ta ce kayan mutane ne, ba za ta taɓa ba sai an yi cigiya. Aka yi ta yi, a gidajen biki da suna da bakin rijiya. Mace ɗaya ta zo ta ɗauki zoben uwarta, ta yi kuka ta tafi. Sauran ba mai su. Liman ya ce mata shekarun sun isa, ta yi amfani da su.

Wani mai moto da ke yawo yana kiran tsohon zinari da tsohuwar azurfa ya tsaya ƙofar gidan. Ya girgiza gwangwanin kusa da kunnensa, ya taya shi gaba ɗaya kamar tarkacen ƙarfe. Ƙawarta Dija mai ƙosai tana wurin, ta fizge.

"Malam, ƙosaina ma ɗai-ɗai nake ƙirga shi. Hau motonka."

Dija ce ta ce a tafi Gazawa ranar kasuwa, wurin Tahiru maƙerin azurfa, wanda ke awo a gaban mai kaya. Sauran labarin daga bakin su biyun na ji shi, kowacce tana gyara wa 'yar'uwarta.

Inna ta ƙulla kayan kashi biyu a tsumma: na waɗanda suka rasu, da na waɗanda aure ya kai nesa. Da yatsa take gane su. Tahiru ya kwance, ya zube a faranti, ya gauraya matattu da rayayyu, ya sake rabawa yadda ya iya. Ya bi su da maganaɗisu, wasu suka yi tsalle suka manne. Ya goga sauran a baƙin dutse, yana ɗiga wani ruwa a kan zanen.

"Wannan babban fa? Na matar wani falke ne," in ji Inna.

"Ruwan zinari ne aka shafa masa, Inna. Cikinsa tagulla."

"Na faɗa miki matar nan hura hanci kawai ta iya," in ji Dija.

Azurfar ta taru 'yar kaɗan, ya auna, ya faɗi kuɗinta. Sai ya tsinci wani ƙaramin ɗan kunne da ya dushe, ya lanƙwashe. Ya goga, ya sake gogawa. Ya ɗora shi a ma'auni shi kaɗai, ya ce zinari ne na ƙwarai, ya taya.

Inna ta karɓa ta shafa, nan take a zuci ta bar Gazawa. Ta koma wata shekarar fari, lokacin da wata Bafillatana ta shigo gidanta da ƙwarya babu nono a ciki. Suna kan hanyar kudu da ragowar shanunsu. Ta ce a yi mata kitso ko guda ne, don kada ta shiga ƙasar mutane da kai a tsefe. Gashinta yana ƙanshin man shanu, dogo, kamar ana tsefe ruwa. Ta yi barci mai nauyi, har mijinta ya yi ta kira daga waje. Ta tashi a firgice ta fita, ba ta ko faɗi sunanta ba. Inna ta ce a rumfar Tahiru ta ga bayan matar tana fita sarai, fiye da yadda take ganin Tahiru.

Leɓenta ya motsa. "... albarka."

A kasuwa kuwa, in mai kaya ya ce albarka, ya ƙi tayi ke nan. Tahiru ya sosa ƙeya, ya ƙara. Dija ta gane abin da ke faruwa, ta toshe baki da gyale.

"... albarka," in ji Inna, idonta a rufin rumfa.

"Haba Inna! Kin zo da shirinki ke nan." Ya ƙara. Da ya ji ta sake motsa baki, sai ya zaro salula, ya kira wani a Maraɗi, ya buɗe murya kowa ya ji farashin ranar. "Kin ji da kunnenki. In na wuce nan, ni zan yi asara. Ki bar mini na goro."

Sai a lokacin Inna ta dawo. "Yaro, da wa kake faɗa? Ni addu'a nake yi wa mai shi."

Dija ta zauna a ƙasa don dariya. Maƙwabtan rumfa suka leƙo. Tahiru ya riƙe kai, shi ma dariyar ta ci ƙarfinsa.

"To, na riga na faɗa, ba na janyewa."

"Mi ya hana ka faɗi haka tun farko?"

"Kasuwa ce, Inna. Tayin farko gaisuwa ce."

"Ka iya gaisuwa," in ji Dija.

Inna ta riƙe ɗan kunnen ɗan lokaci a tafin hannu, sannan ta miƙa, ta ce ta sallama.

Kuɗin ya ishi ido ɗaya. Ta zaɓi na dama. Ranar da ta dawo aka cire mata auduga, na shiga gaishe ta, na tarar da ita zaune tana kallon tsakar gidanta kamar baƙuwa. Ta rufe na dama da hannu, ta buɗe, ta sake rufewa.

"Wannan yana nuna mini gidana, ashe katanga ta tsage ba wanda ya gaya mini," ta ce. "Wancan kuma ya bar ni inda nake."

Ana haka aka yi sallama. Wata yarinya ce da za a kai ɗaki, uwarta ta turo ta. Inna ta matsa, ta shimfiɗa ƙafa, ta karkatar da kai gefen da ke gani. Ta ɗora tsinke a goshin yarinyar, ta ja tsaga har ƙeya, miƙe sak.