Sifirin Gaban Babur ɗin Muntaka

Muntaka Mika'ilu manomi ne a Gidan Ɗinya, wani ƙaramin ƙauye kusa da Tsanyawa, inda gonaki suka haɗe da juna har ba a gane iyakar wannan da waccan sai da layin gamba. Gero da dawa yake nomawa, da ɗan wake a tsakani. Ranar kasuwa kuma yakan ɗaukar wa mutane buhuna a kan babur, da haka yake samun na cefane. Ba shi da yawan magana, ba a kuma taɓa jin sa da rigima ba. Idan aka ambaci sunansa a ƙauyukan kewaye, abin da ake fara tunawa shi ne babur ɗinsa.

Tsohon Honda ne ja, mai dogon tanki, irin wanda aka daina kawowa tuntuni. Mahaifinsa, marigayi Mika'ilu, ya saye shi a shekarar da gyaɗa ta yi masa kyau, tun Muntaka bai fara azumi ba. Fentin ya koɗe, an ɗinke kujerar sau da dama, amma injin da taka ɗaya yake tashi. Samari sukan tsokane shi su ce ya bar tsohon nan ya huta. Sai ya yi murmushi ya wuce.

Tare da babur ɗin ya gaji wani aiki. Malam Abdulkabir, dattijon da ke karantar da littattafai a zaurensa, bai taɓa mallakar abin hawa ba. Mika'ilu ne ke kai shi masallacin Juma'a a Tsanyawa, da ɗaurin aure da jana'iza. Da ya rasu sai Muntaka ya ɗora, ba tare da kowa ya ce masa ya yi ba. Duk Juma'a da hantsi zai wanke babur, ya ninke darduma ya shimfiɗa a kan kujera, ya je ya tsaya a ƙofar zaure. A hanya Malam yakan dafa kafaɗarsa yana ba shi labarin mutanen da suka noma waɗannan gonaki kafin a haife shi. Idan sun isa, jama'a su taso gaida Malam, shi ma a miƙa masa hannu. Ana ce masa direban Malam. Bai taɓa nuna sunan yana masa daɗi ba, amma matarsa Hure ta san ranar Juma'a kaɗai yake ciro hular da yake ɓoyewa a ƙasan akwati.

Haka aka yi shekaru, har Zubair ya dawo gida. Zubair ɗan maƙwabcinsu ne, ya daɗe yana tuƙa adaidaita sahu a Ungogo, ya tara abin da ya tara ya dawo noma da sabon babur baƙi mai faffaɗar kujera. Yaro ne mai ladabi, ba ya wuce babba bai rusuna ba.

A farkon damina ruwa ya ɓata hanyar Tsanyawa, ta zama ramuka da gargada. Wata Juma'a Malam ya sauka daga babur ɗin Muntaka yana riƙe da ƙugu, ranar a zaune ya yi salla. Juma'ar da ta biyo baya Muntaka ya iso ƙofar zaure ya tarar da baƙin babur a inda ya saba tsayawa. Malam ya fito ya gaya masa cikin sauƙi cewa bayansa ne ya matsa masa, yaron nan ya ce zai kai shi, shi Muntaka ya huta. Ya sa masa albarka, ya hau bayan Zubair.

Muntaka ya bi su a baya, darduma tana ninke a kan kujerar da ba kowa. Tun daga ƙauye har Tsanyawa idonsa yana kan hannun Malam da ke kafaɗar Zubair. Ya ga Malam yana nuna wata gona da sanda yana magana, ya san labarin da ake bayarwa, domin an ba shi shi a daidai wurin.

Daga ranar ya canza. A majalisa, shi da ba ya tanka wa kowa, ya koma yana cewa baburan zamani roba ce da gwangwani, ba sa kai damina uku. Idan Zubair ya gaishe shi sai ya amsa a taƙaice yana kallon wani wuri. Ya fara lura da abubuwan da ba ruwansa da su: yaron yana gudu da yawa, yana matsa hon a kusa da zauren karatu, bai iya shimfiɗa darduma ba. Akwai Juma'ar da ya kama kansa yana fatan tayar Zubair ta yi faci a tsakiyar hanya, don ya tsaya ya ɗauki Malam. Ya yi istigfari, amma fatan bai tafi ba.

Hure ce ta gaya masa a fili, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ce kishi ne ke cin sa, kuma yaron bai yi masa laifin komai ba. Ita kanta, in ji ta, duk ranar da ya kai ta unguwa sai ta kwana tana jin jikinta. Washegari Muntaka ya tura babur zuwa wurin Badaru, bakaniken da ke aiki a gindin darbejiya a bakin tashar Tsanyawa.

Ya so a canza shoka na baya, tunda a nan fasinja ke zama. Badaru ya duba ya ce na baya da sauransu, matsalar a gaba take. Ya riƙe birki ya danna kan babur ɗin, ƙafafun gaban suka nutse, suka ƙi dawowa sai da ya ɗaga su da hannu. Ya kwance murfin sama ya zaro sifirin, doguwar waya murɗaɗɗiya, baƙin mai yana ɗiga daga jikinta. Ya ce sifirin ya gaji, tsufa ya sa ya gajarce, shi ya sa duk ramin da taya ta faɗa sai bugun ya ratsa babur ɗin gaba ɗaya. Irinsa babu a Tsanyawa. Sai dai Muntaka ya tafi da shi Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, ya gwada.

Muntaka ya sayar da bunsurun da yake kiwo, ya naɗe tsohon sifirin a buhu ya shiga mota. Ya sha yawo a layin masu kayan babur kafin a nuna masa shagon wani dattijo mai suna Yahya, wanda ke tara kayan tsofaffin injina. Yahya ya auna kaurin sifirin da tsawonsa, ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da iri uku ya jera a kan benci.

Na farko mai kauri ne, an ciro shi daga babban babur. Yahya ya ce wannan zai ɗauki kaya ko nawa ne, amma mai hawa zai ji kowane dutse a haƙoransa. Na biyu siriri ne, da hannu ma ana iya matse shi, ya ce wannan laushi ne zalla, ya dace da kwalta da mutum ɗaya ko biyu marasa nauyi. Na ukun daban yake: murɗinsa a matse ta gefe ɗaya, a buɗe ta ɗaya gefen. Ya ce a gargada yana da laushi, idan kuma aka faɗa babban rami ko aka ɗora nauyi sai ya yi tauri ya riƙe. Sai dai guda ɗaya gare shi, alhali gaban babur guda biyu yake buƙata, ɗan'uwansa yana hanya, sai an jira mako biyu ko fiye.

"Me kake ɗauka a babur ɗin?" in ji Yahya.

"Mutum."

"Mutum kawai?"

"Dattijo ne, yana fama da ciwon baya."

Bai ambaci buhunan ranar kasuwa ba. Yahya ya dubi tafin hannunsa da ƙafarsa, ya ce duk da haka shi da zai ba shi shawara, ya jira na ukun, domin hanyar ƙauye ba ta da tabbas. Muntaka ya tsaya yana juya sifirin a hannu. Ya san gaskiya aka gaya masa. Amma mako biyu Juma'a biyu ce, kuma ya riga ya gaji da bin bayan baƙin babur. Ya ce a ba shi mai laushin.

Badaru bai so ba. Ya yi ta mita yana ɗaurawa, ya zuba mai mai kauri ko zai ɗan rage nutsewar, ya gargaɗe shi kada ya ɗora kaya a kan tanki. A hanyar gida Muntaka ya ji babur ɗin yana bi ta kan gargada kamar yana tafiya a kan katifa. Ya daɗe bai ji daɗi irin na ranar ba.

Ranar Juma'a ya riga kowa zuwa ƙofar zaure. Da Zubair ya iso ya gan shi, sai ya kashe injin ya sauko ya gaishe shi, ya ce ai Baba Muntaka ne mai wurin, shi dama riƙon ƙwarya yake yi. Wannan sauƙin kai ya ƙara ɓata wa Muntaka rai, don ya so a ce yaron ya ji ciwo ko kaɗan.

Malam ya hau, ya dafa kafaɗarsa. Muntaka yana kauce wa ramuka yana jiran a ce wani abu game da babur ɗin. Malam kuwa tun daga bakin ƙauye zancen Zubair yake yi: yaron yana da natsuwa, ya fara zuwa karatu bayan la'asar, yana da tambayoyi masu kyau. Da suka sauka a masallaci wani ya tambayi Malam jikinsa. Ya ce alhamdulillahi, yau ko kaɗan bai ji bayansa ba, man shafawar da Zubair ya kawo masa daga Kano ya karɓe shi. Muntaka yana tsaye a gefe yana ninke darduma.

Ranar kasuwa ta zo, mutane suka kawo buhuna kamar yadda suka saba, ya ji kunyar ya ce ba zai iya ba. Ya ɗaure biyu a baya, ya ɗora ɗaya a kan tanki. A gangaren rafi ya taɓa birki, gaban babur ɗin ya nutse har ƙarfe ya bugi ƙarfe, kan ya kufce masa, suka zube a cikin yashi. Buhu ɗaya ya fashe, shi kuma ya yi targaɗe a wuyan hannu. Mai ɗori ya ce ya bar tuƙi sai ya warke.

Malam ya zo duba shi, kuma a bayan Zubair ya zo. Suna zaune a soro Malam ya tambayi yadda aka yi mutumin da ya girma a kan babur ya faɗi a gangaren da ya sani. Muntaka ya ce tsautsayi ne. Hure da ta kawo ruwa ta tsaya daga bakin ƙofa, ta gaida Malam, sannan ta faɗi abin da mijinta ya ƙi faɗa, tun daga bunsurun har zuwa Ƙofar Ruwa.

Malam ya dubi hannun da aka ɗaure.

"Ashe ba man shafawa ba ne," ya ce. "Muntaka, ai da ka gaya mini."

Kafin ya tashi ya yanke cewa idan hannun ya warke, Muntaka ne zai riƙa kai shi masallaci, Zubair ya dawo da shi. Zubair ya ce ya yi daidai. Muntaka ya ce to.

Bayan kaka ya koma wurin Yahya ya karɓo sifirin na uku, Badaru ya ɗaura, babur ɗin ya koma ɗaukar buhu da mutum ba tare da gardama ba. Siririn yana rataye a bangon ɗakinsa, ya ƙi sayarwa. Yana gaisawa da Zubair yanzu, har yakan tambaye shi amfanin gona. Amma Hure ta ce duk Juma'a idan ya dawo shi kaɗai yakan zauna a dakalin ƙofar gida yana duban hanya, kuma idan suka daɗe ba su iso ba sai ya ce shi fa an cuce shi a rabon nan, domin a dawowa ne Malam ya fi sakin jiki ya yi hira.