Tambayoyi Uku da Muka Kai Nima

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kumasi, ni da wata Hajiya mai sayar da albasa a kasuwarmu. Ƙungiyar 'yan kasuwar unguwarmu ce ta aike mu Accra, domin an ce wani babban jami'in gwamnati zai zauna da mutanen zango, wato Hausawa da sauran baƙi mazauna, a unguwar Nima ya ji kokensu. Ni ne magatakarda, saboda haka takardar tana hannuna. Tambayoyi uku ne a cikinta. Don me ake sayo wa manya sababbin motoci alhali kwatar kasuwarmu tana nan a buɗe? Ina kuɗin da aka ce an ware na gyaranta? Wa zai zo ya yi mana bayani da bakinsa? Mata da yawa sun dangwala yatsa a ƙasanta, na kuma yi musu alkawarin zan karanta ta yadda take, ba ragi ba ƙari. Ɗabi'ata ce ba na rubuta takarda sai na yi mata kwafi, don haka biyu na ɗauko.

Tun daga Konongo hankalina bai kwanta ba. Ban taɓa magana a gaban babban mutum irin wannan ba, kuma karatuna bai yi nisa ba. A Nkawkaw muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance ƙwarai, har Hajiya ta ce ashe a ƙasar nan ƙosai ne kaɗai ya ji kiran a rage kashe kuɗi. Bayan Nsawam muka shiga cunkoso. Muna tsaye a rana sai ga jiniya, aka kore mu gefen hanya, jerin baƙaƙen motoci suka wuce. Na taɓa aljihuna na tabbatar takardar tana nan.

Daga tasha muka hau trotro, ƙaramar motar haya, zuwa Maamobi da ke maƙwabtaka da Nima, gidan wani dattijo, tsohon aminin mahaifina. Lungunan ƙanana ne, Hausar yaran wurin rabi yaren Twi rabi yaren Ga, sai ka saurara da kyau. Babbar kwatar da ta ratsa unguwar ta fi tamu wari. Dattijon ya sa aka kawo mana wake da shinkafa a ganye, da kifi da yaji. Sai da muka ƙoshi ya gaya mini tsarin taron: ba a yi wa babban baƙo magana kai tsaye. Kowa zai miƙa takardarsa ga kakakin taro, shi ne zai faɗa. Na san wannan al'ada, mu ma muna yinta, amma ban zaci za ta hau kan abin da aka riga aka rubuta ba. Na ce to, Baba, domin a gidansa nake.

Bayan la'asar aka zauna a ƙarƙashin rumfuna. Da aka zo kanmu, kakakin ya duba takardar, ya naɗe ta, ya dogara da sandarsa. Ya ce mutanen Kumasi suna gaisuwa, suna godiya da ɗawainiyar da ake yi, suna kuma roƙon in da hali a tuna da kwatarsu. Aka tafa. Maganar motoci ba ta fito ba, maganar kuɗi ba ta fito ba.

Hajiya ta sunkuyo ta ce, "Malam, roƙo aka aiko mu?"

Ga dattijon da ya ciyar da ni yana zaune a sahun gaba, ga yatsun matan nan a aljihuna. Na miƙe, na nemi afuwar manya, na ciro kwafin, na karanta tambaya ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Ban tsallake kalma ba. Wasu daga baya suka tafa, aka tsawatar musu. Jami'in ya yi murmushi ya ce an ji, za a duba, a jira amsa a rubuce.

Washegari dattijon ya sa aka ba mu shayi da burodi, amma bai raka mu ko bakin ƙofa ba. Da na durƙusa sallama, abu ɗaya ya ce: "Mahaifinka ba zai yi haka ba."

Mun iso Kumasi kafin magariba. Matan suka tare ni a bakin kasuwa suka tambaya ko na faɗa. Na ce na faɗa. Ko ya amsa? Na ce bai amsa ba tukuna.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, kakakin bai yi ƙarya ba, aikinsa ke nan, ya sa kowa ya tashi lafiya. Amma tambayar kuɗin jama'a idan ta bi ta bakinsa, godiya take komawa. Wanda aka aika shi ya karanta da kansa, ya kuma shirya ɗaukar abin da zai biyo baya. Na rubuta wa dattijon wasiƙar ban haƙuri. Yanzu amsa biyu nake jira, kuma ta Baba ta fi damuna.