Ranar da Kwamfutocin Yaya Suka Ƙi Tashi

Abin da ya same ni a wata makaranta a Kamazou ba zai taɓa fita daga raina ba.

Sana'ata haɗa kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Kafin ka haɗa shi, sai ka zaɓa masa irin firosesar da zai hau, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, domin kowace da umarnin da take ganewa. Makarantar ta sayi sababbin kwamfutoci don ɗalibai su gwada jarrabawa a kansu. Yayana ne ya kawo su, shi kuma ya samo mini aikin. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Ya ba ni guda na tafi da ita gida Narayi, na zaɓa mata tsarin sabuwar firosesa, ta yi aiki lafiya lau.

Ranar buɗewa ɗakin ya cika da ɗalibai. Na ɗora manhajar a ta farko, na kunna. Allo ya yi baƙi, sai layi ɗaya: wannan firosesar ba ta da abin da kanel yake buƙata. Na gwada ta gaba, na gwada ta gabanta, duk labari ɗaya.

Shugabar makarantar, wata dattijuwa, ta matso. "Ɗana, lafiya? Ko wutar ce?"

Na kwance bayan ɗaya. Tsohuwar firosesa na gani, an dai sa ta cikin sabon gida. Ashe wadda aka ba ni gwaji ce kaɗai ta gaske.

Yaya ya ja ni gefe, ya rage murya. "Ai akwai zaɓin da ke hawa kowace iri. Sauya shi, ba mai ganewa."

Gaskiya ne, akwai. Kuma tun kafin in buɗe baki ya san da shi. Nan na gane ya san abin da ya kawo.

"Yaya, ba zan iya ba," na ce. Na juya na nuna wa shugabar makarantar abin da ke ciki.

Ya kwashe kayansa, daga baya ya kawo na gaske. Amma mun daɗe ba ma gaisawa, sai da Umma ta zaunar da mu tana kuka.

Tun ranar na koyi cewa amana ba ta hana dubawa. Ko wa ya kawo na'ura, sai na buɗe cikinta kafin in zaɓa mata komai.